Saman Buhu da Gindin Buhu: Yadda Ake Karanta Labarin Sabon Iri

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar hatsi ta Dawanau ya san cewa gogaggen ɗan kasuwa ba ya sayen wake da abin da ya gani a bakin buhu. Sai ya sa an soka ƙarfe a tsakiya da gindi, ya zuba abin da ya fito a tafin hannu, ya duba huji, ya duba tsakuwa, ya ciji ƙwaya ɗaya don ya ji ko ta bushe. Yin haka ba ya nufin ya ƙaryata mai kaya. Abin da ke sama wake ne na gaske, kuma daga buhun ya fito. Zaɓensa kawai aka yi domin ido.

Haka labaran fasaha suke isowa. Mafi yawansu ba su ƙunshi ƙarya tsagwaronta ba. Aikin yana wurin zaɓe: wace lamba aka sa a kanun labari, da me aka gwada ta, wa aka bari ya yi magana, me aka tura sakin layi na ƙarshe ko aka bari a waje. Labarin sabon irin wake da na masara, waɗanda aka sauya wa ƙwayoyin halitta, misali ne da ya isa a koyi wannan karatu a kansa, domin ya shafi gonakin Bichi da Ɗambatta da Tsanyawa da Kunci kai-tsaye.

Iri ɗaya, labari biyu

A watan Janairun 2019 hukumar kula da amincin fasahar halittu ta ƙasa, NBMA, wadda aka kafa a 2015, ta amince da wani irin wake da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta samar tare da gidauniyar AATF mai hedikwata a Nairobi da masana na hukumar CSIRO ta Ostireliya. A Disambar shekarar aka yi masa rajista da sunan SAMPEA 20-T, sannan aka ƙaddamar da sayar da shi a Kano a watan Yunin 2021. An dasa masa ƙwayar halitta ɗaya daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa da ake taƙaita sunanta da Bt, wadda ke sa shukar ta samar da sinadarin da ke kashe tsutsar Maruca, mai cin fure da huda kwanson wake. A Janairun 2024 kuma aka saki nau'o'in masara huɗu, SAMMAZ 72T zuwa 75T, da aka fi sani da TELA, waɗanda aka yi domin su jure tsutsar kara da baƙuwar tsutsar nan da ta bayyana a Najeriya a 2016.

Daga nan labari ya rabu biyu, kuma dukansu ta waya ɗaya suke shiga ƙauye. Na farko ya ce an yi juyin juya hali a noma, yunwa ta kusa zama tarihi. Na biyu ya ce an kawo guba mai hana haihuwa, mai kashe ƙasa, mai mayar da manomi bawan kamfani. Manomin da ya ji duka biyun yakan waiwayi ɗan'uwansa da ke birni: ƙanensa malamin sakandare, 'yarsa ma'aikaciyar jinya, ɗan wansa da ke aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma. Amsar da wannan ɗan boko zai bayar tana da nauyi. A arewacin Kano damina ba ta wuce wata huɗu, gonaki ƙanana ne saboda rabon gado, kuma ba a barin saura ta huta. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin wannan yanki mai cunkoson jama'a tun shekarun 1960, ya nuna yadda ake noma ƙasa ɗaya kowace shekara ba tare da ta mutu ba, saboda takin dabbobi da haɗa shuke-shuke. A irin wannan tsari kuskuren iri guda yana taɓa tuwon gida da abincin tumaki da takin baɗi gaba ɗaya.

Kalmomi biyu masu ɗaukar kaya: "har zuwa"

Lambar da ta fi yawo game da masarar TELA ita ce tana iya ba da har zuwa tan 10 a hekta, wato buhu 100 mai cin kilo 100. Lambar ba ƙirƙira ba ce, amma lambar ƙololuwa ce: abin da irin zai iya bayarwa in ruwa ya wadata, taki ya cika, aka shuka a kan lokaci, aka yi noma a kan lokaci. A jawabin da ya raka ta, an gwada ta da tan 6 na sauran irin masara mai aure. Matsakaicin abin da manomin Najeriya ke girbewa kuwa bai wuce kimanin tan 2 a hekta ba. Mai karatu da ya ga 10 ya tuna da 2 na gonar mahaifinsa zai ɗauka iri kaɗai zai ninka amfani sau biyar, alhali tazarar da ke tsakanin 2 da 6 tana nan tun kafin a kawo sabon irin, kuma ta taki ce da ruwa da kuɗi.

Lissafin takin ma a fili yake. Shawarar da malaman gona suka saba bayarwa ga masara ita ce kilo 120 na nitrojin a hekta, tare da kilo 60 na kowane ɗaya daga sauran sinadaran biyu. In aka mayar da wannan buhuna, ya kai buhu 8 na NPK 15-15-15 da kusan buhu 3 na yuriya. Labarin da ya ambaci buhu 100 na masara ya yi shiru kan buhu 11 na taki ya nuna bakin buhu ne kawai.

Haka nan lambar da ake ambata game da wake, cewa Maruca na iya cinye har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Gaskiya ne a mummunar shekara, a gonar da ba a yi wa feshi ba. Amma masu aikin kansu sun fi ambaton ƙarin amfani na kimanin kashi 20 cikin 100. Kashi 20 riba ce ta gaske ga manomi, ba abin rainawa ba. Sai dai 80 ta fi 20 ƙara a kunne, shi ya sa ita ke hawa kanun labari. Duk inda "har zuwa" ta bayyana, tambayar da ta dace ita ce: to, a shekara ta yau da kullum, a gona ta yau da kullum, nawa ne?

Gonar wa ake nufi?

Kalmar "manoman Najeriya" tana haɗa mutanen da ba abin da ya haɗa gonakinsu. Masara ta fi karɓar kudancin Kano, wajen Doguwa da Tudun Wada, da jihar Kaduna, inda ruwa ya fi yawa. A Kunci da Makoɗa da Ɗambatta gero da dawa ne ginshiƙi, domin su ke jure jigawa da ƙarancin ruwa. Irin masara mai jure fari yana rage asara ne in ruwa ya ɗauke na ɗan lokaci. Bai mayar da masara gero ba.

Wake kuwa ɗan gida ne. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noma shi a duniya, Nijar na biye da ita. Amma yadda ake noma shi a arewacin Kano ya sha bamban da filin gwaji. Ana tsarma shi ne tsakanin gero da dawa, sau da yawa bayan hatsin ya tashi, yana girma a inuwar kara. Tsohon iri kamar kanannado yana yaɗo, yana jinkirin nuna, kuma rabin darajarsa a harawa take. Harawar ce ke ciyar da ragon da za a kai kasuwa kafin babbar salla, ragon kuma shi ke ba da takin da ke riƙe gonar. SAMPEA 20-T iri ne mai saurin nuna, cikin kamar wata biyu da rabi, kuma irin wannan wake ya fi ba da amfani in ya sami rana sosai. Masanan cibiyar IITA da ke da tasha a Kano da gonar gwaji a Minjibir sun daɗe da gane wannan, shi ya sa suka ba da shawarar jera kunya biyu ta hatsi da huɗu ta wake ga ingantattun iri.

Saboda haka labarin da ya auna sabon wake da nauyin ƙwaya kaɗai ya amsa tambayar ɗan kasuwar Dawanau, bai amsa ta mai kiwon rago ba. Haka ma da'awar cewa irin yana rage feshi daga sau 6 ko 8 zuwa sau 2. Ga mai noman wake zalla don sayarwa wannan sauƙi ne babba, na kuɗi da na lafiya. Wanda ke tsarma wake cikin gero, wanda bai taɓa samun kuɗin feshi takwas ba, ba zai ga wannan rarar a aljihunsa ba. Ribarsa, in ta zo, ta wata hanya za ta zo.

Abin da aka bari a gindin buhu

Ragowar feshi biyun nan suna da labari. Sinadarin Bt yana kashe tsutsa ne kawai. Darɓa, da ƙananan ƙwarin da ke zubar da fure, da masu tsotse kwanso, duk suna nan. Manomin da ya ji an ce "wake mai jure ƙwari" ya ajiye famfon feshi gaba ɗaya zai yi asara, sannan ya ce an yaudare shi, alhali kalma ɗaya aka faɗaɗa a hanya: tsutsa ta zama ƙwari.

Haka kuma irin bai hana ƙwaron da ke huda wake a ajiya ba. Wannan matsala ce mai tsada. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari na dichlorvos, wanda ake zuba wa wake a wurin ajiya. Maganin wannan matsala ya samu tun tuni: buhun PICS mai ruɓi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, wanda ke toshe iska har ƙwaron ya mutu ba tare da guba ba. Fasaha ce ita ma, amma leda ce da igiya, ba ta da ƙyallin da ke jawo kanun labari.

Tarihin maƙwabta ya nuna cewa abin da aka bari a waje yana iya zama shi ne labarin. Burkina Faso ta fara noman audugar Bt a 2008, aka yi ta yabon raguwar feshi da ƙaruwar amfani. A 2016 kamfanonin audugar ƙasar suka juya mata baya, domin zarenta ya fi na tsohon iri gajarta, abin da ya karya darajarta a kasuwar duniya. Tsutsa ta mutu kamar yadda aka yi alkawari. Ma'aunin da masu saye suka fi damuwa da shi ne bai shiga labarin farko ba. A Indiya kuwa wata tsutsar auduga ta saba da sinadarin Bt bayan shekaru, har ya daina kashe ta. Wannan ne dalilin da ya sa masana ke cewa a riƙa shuka wani kaso na iri maras Bt a kusa, domin tsutsar da ba ta saba ba ta ci gaba da rinjaye. Yadda za a kiyaye wannan a ƙauyen da iri ke yawo daga hannu zuwa hannu tambaya ce da ta cancanci a yi wa masu aikin a kowane taro.

Wa ya rubuta, me aka ƙirga?

Labaran fasaha da yawa takardar sanarwa ce da aka sauya wa take. Alamarta ba ta ɓuya: jaridu huɗu su fito da jimloli iri ɗaya a rana ɗaya, duk masu maganar ma'aikatan aikin ne, manomin da aka ji daga bakinsa kuma wanda aka yi gonar nuni a filinsa ne, aka ba shi iri da taki. Wannan manomi ba ƙarya yake ba, amma an zaɓe shi kamar yadda ake zaɓen waken bakin buhu. Labari mai nauyi shi ne wanda ya koma bayan damina biyu ko uku ya tambayi wanda ya sayi irin da kuɗinsa ko ya sake saye.

Suna ma yana aiki tun kafin a kawo hujja. TELA daga kalmar Latin mai nufin kariya aka ciro shi. Masu adawa kuwa sukan ce "irin Bill Gates". Gaskiya ne gidauniyar Gates na cikin masu ɗaukar nauyin aikin TELA, kuma gaskiya ne ƙwayoyin halittar daga kamfanin Monsanto, wanda Bayer ya saya, suka fito ba tare da kuɗin haƙƙin mallaka ba. Amma gaskiya ne kuma masana na Samaru ne suka yi shekaru suna haɗa irin da gwada shi. Mai yabo yakan ce "namu ne na gida" ya tsallake na farko, mai suka ya ce "na Turawa ne" ya tsallake na biyu.

Abin da aka zaɓa a ƙirga shi ma dabara ce. A 2012, zamanin da Akinwumi Adesina ke ministan noma, aka fara rabon tallafin taki ta saƙon waya, manomi ya karɓi buhu 2 a rabin kuɗi. Tsarin ya rage hannun 'yan tsakiya, kuma ya cancanci yabo a kan haka. Sai dai lambar da aka fi shelantawa ita ce ta miliyoyin da aka yi wa rajista. Rajista daban, samun saƙo daban a ƙauyen da sabis ba ya kaiwa, isowar taki kafin shuka ta wuce kuma daban. Duk lokacin da aka ce manhaja ko shiri "ya kai ga" manoma kaza, sai a tambaya ko sunansu aka rubuta ko kaya suka karɓa.

Tsoro ma yana da nasa ado

Kuskure ne a ɗauka cewa mai talla kaɗai ke gyara bakin buhu. Saƙon murya mai firgitarwa yana da dabarunsa, kuma babbarsu ita ce ɗaure sabuwar da'awa a jikin tsohon ciwo na gaske. Kano tana da irin wannan ciwo. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan wanda ya ƙunshi yara kimanin 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa; 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kan ko an nemi izinin iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009 kan dala miliyan 75, kamfanin bai amsa laifi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma wannan tsoro ne ya taimaka wajen dakatar da rigakafin shan-inna a Kano daga 2003 zuwa Yulin 2004, bisa jita-jitar hana haihuwa da ba ta tabbata ba. Cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka rabu da ita, har Indonesiya, kuma yaran Arewa ne suka fi biyan kuɗin da ƙafafunsu.

Yau kalmar hana haihuwa ta dawo, an rataya ta a wuyan wake. A 2016 majalisar masana kimiyya ta Amurka ta fitar da rahoto bayan duba bincike kusan 900, ba ta sami hujjar cewa abincin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta ya fi na gargajiya haɗari ga lafiya ba. Rahoton nan kuma ya ce bai ga alamar fasahar ta hanzarta hauhawar amfanin gona a faɗin Amurka ba. Masu yabo suna karanta rabin farko, masu suka suna karanta na biyu.

Da'awar cewa irin ba ya sake tsirowa ita ma cakuɗe ce. An taɓa yin rajistar wata fasahar mayar da iri bakarare a Amurka a 1998, amma ba a taɓa sayar da ita ba, kuma ƙasashen duniya sun dakatar da ita a 2000. SAMPEA 20-T yana tsirowa in aka ajiye aka sake shukawa, kamar kowane wake. Masarar TELA kuwa mai aure ce: 'ya'yanta suna tsirowa amma amfaninsu yana raguwa, kamar kowace masara mai aure da aka daɗe ana sayarwa a kasuwa. To, a nan akwai damuwa ta gaske, wato sayen iri kowace shekara ga mutumin da ba shi da tsabar kuɗi a watan Yuni. Sai dai in aka lulluɓe ta da tatsuniya, masu aikin za su ƙaryata tatsuniyar cikin sauƙi, tambayar gaskiyar ta bi ruwa.

Akwai masu adawa da ke kawo hujja, kamar ƙungiyar HOMEF ta Nnimmo Bassey, kuma a watan Mayun 2024 Majalisar Wakilai ta nemi a dakata har a yi bincike. Tambayoyin da suka shafi ƙarfin hukumar sa ido, da makomar tsofaffin iri, da yadda mai saye zai san abin da yake saye a kasuwar da ake awo da mudu babu takarda, tambayoyi ne masu kyau. Suna buƙatar amsa da lambobi, ba zagi ba.

Aikin ɗan boko

Abin da ya wajaba a kan mai ilimin da danginsa ke tambaya shi ne ya soka ƙarfe kafin ya tura saƙo gaba. Ya nemi asalin lambar, ya ga ko ƙololuwa ce ko matsakaiciya. Ya duba da me aka gwada ta, a wace ƙasa, da taki nawa. Ya lura da wanda ya yi magana da wanda ba a tambaya ba. Ya yi wa labarin da ya yi daidai da ra'ayinsa binciken da yake yi wa wanda ya saɓa masa, domin a nan ne mutum ya fi saurin sakin jiki.

In ya gama, amsar da zai kai gida ba za ta yi daɗin ji kamar kanun labari ba. Zai ce wa Baba ko Kawu sabon waken yana maganin tsutsa ɗaya mai ɓarna, yana bukatar feshi biyu, yana son rana, kuma sai an auna harawarsa. Manoman yankin suna da hanyar da suka gada ta karɓar baƙon iri: a ba shi kunya biyar ko goma a gefen gona, a bar kanannado a wurinsa, a ƙirga kwano da damin harawa a kaka, a dafa a ji ɗanɗano, a kai kasuwar Bichi ko Ɗambatta a ji farashi. Gani ya kori ji. Bayan damina biyu, wannan lissafi na gefen gona zai faɗa wa gidan abin da takardar sanarwa da saƙon murya duka ba su faɗa ba.